Daga Da'ira a Kan Rairayi zuwa Bakan Gizo

Kowane ɗaki da zane yake farawa, kuma zanen a kwance yake. A ƙauyukan Maigatari da Sule Tankarkar, idan magini zai fitar da ɗaki, turke yake kafawa a fili, ya ɗaura masa igiya, ya zagaya da tsinke har da'ira ta fito a kan rairayi. Da'irar nan ba ta da tsayi, ba ta da kauri. Abin da ya rage shi ne a tashe ta tsaye ta zama bango, a ɗora mata jinka. Tarihin gini a ƙasar Hausa, in an bi shi a tsanake, tarihin dabarun da magina suka samo ne na mai da lanƙwasasshen layi ya zama abu mai jiki da ciki.

Dabara mafi tsufa ita ce a bi da'irar kamar yadda take, ana ɗora sahu kan sahu har bango ya kai. Rumbu ya fi haka wuya, domin kowane zagaye da faɗinsa: a fara a tsuke, a buɗe ciki, a sake tsukewa a wuya, kamar yadda mai ginin tukwane ke yi da tulu. Wanda ya kalli rumbu daga gefe zai ga layi ɗaya ne aka zagaya da shi. Ƙasar Gumel, inda waɗancan ƙauyuka suke, jigawa ce, ƙasar gini mai danƙo ba ta samuwa ko'ina, shi ya sa kara da ciyawa da zana suka yi yawa a karkara, soro kuma ya fi zama na fada da masallaci da masu hali.

A rufin soro ne gwanintar ta fito sosai. Ana rufi da azara, wato giginya da aka tsaga, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida. Mai son zaure mai faɗi ko dai ya cika shi da ginshiƙai, ko ya nemi wata hanya. Hanyar ita ce bakan gizo. Magini yakan dasa azara a cikin bango tana ɗan karkata ciki, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya bar ta ta bushe. Sannan ya ɗora wata a kanta wadda ta fi ta karkata. Haka ake yi daga ɓangarorin biyu, gaɓa bayan gaɓa, har su haɗu a sama, ba tare da an kafa wani abin tokara a ƙasa ba. Baka ɗaya lanƙwasa ce kawai a tsaye. Amma idan aka gitta biyu ko fiye, aka jera gajerun azara a tsakaninsu, aka rufe da ƙasa, sai ga tuluwa ta tashi. Da wannan dabara ɗaki ya kai faɗin mita takwas ba ginshiƙi a tsakiya.

Ƙololuwar wannan aiki shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Babu takardar zane a hannun maginan wancan zamani. Awon yana cikin ido da kamu da taƙi, kuma ɗa a wurin ubansa yake ɗauka, ƙarƙashin kulawar Sarkin Magina. Wannan ne ƙarfin sana'ar, kuma nan ne rauninta, domin abin da ba a rubuta ba yana tafiya da mai shi.

Zuwan kwano da siminti a ƙarni na 20 ya karya kasuwar soro. Rufin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara kafin damina, kwano kuwa ba ya so. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna gine-ginen gargajiya da dama a Najeriya ya zana su, kuma daga aikinsa aka gina kwafin masallacin Zariya a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos.

A daidai wannan lokaci, injiniyoyi a Faransa suna fama da matsalar da magina suka daɗe da sani. Paul de Casteljau a kamfanin Citroën a 1959, da Pierre Bézier a Renault bayansa kaɗan, sun samo lissafin da ke bayyana lanƙwasar jikin mota da 'yan ɗigo kaɗan. A kan irin wannan lissafi manhajojin zane suka ginu, ciki har da AutoCAD da ta fito a 1982. Ɗalibin zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello yau yakan zana da'ira a kwamfuta ya ja ta sama ta zama bango, ko ya juya layi ɗaya a kan tsakiyarsa ya fitar da siffar rumbu, ko ya jera lanƙwasoshi ya sa manhaja ta shimfiɗa rufi a kansu. Na ukun nan shi ne aikin tuluwa. Bambancin shi ne manhaja ba ta san nauyin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sai an gaya mata, ba ta kuma san ranar da gaɓar farko ta bushe har za ta ɗauki ta biyu ba.

Soraye masu bakan gizo da suka rage a tsofaffin garuruwa suna raguwa da kowace damina. Ya kamata masu koyon zane su auna waɗanda ke tsaye a ƙasar Gumel da kewayenta, su shigar da su kwamfuta, su kuma zauna da tsofaffin maginan da suka rage a rubuta yadda ake ɗaurin azara daga bakinsu.