Tarihin Sabunta Manhajar Waya da Sana'ar Filashin

Kowace wayar salula, har ƙaramar mai madannai, tana aiki ne da manhajar da aka ɗora mata tun daga masana'anta. A zamanin Nokia 3310, wadda ta fito a shekarar 2000, mai waya bai ma san da zaman wannan manhaja ba. Yadda ya saye ta haka zai yi ta amfani da ita har ta tsufa. Irin waɗannan wayoyi ne suka cika kasuwannin Najeriya bayan da kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan 2001. Idan manhajar ta rikice, waya ta riƙa mutuwa da kanta ko fuskarta ta yi fari fat, babu abin da mai ita zai iya sai ya kai wa mai gyara.

Daga nan wani reshe na sana'ar gyaran waya ya tsiro. Banda mai ƙarfen narka dalma da ke canza sifika da bakin caji, sai ga wani da kayan aikinsa kwamfuta ce da ƙaramin akwati irin su UFS da JAF, da tarin kebul, domin kusan kowane samfurin Nokia da irin nasa, wasu ma sai an cire batir a maƙala su a ƙarƙashinsa. Yakan goge tsohuwar manhaja ya zuba sabuwa, aikin da aka fi sani da filashin. Sunan ya zo ɗaya da na kiran nan da ake katsewa kafin a ɗauka, amma babu abin da ya haɗa su. Sana'ar ta yi ƙarfi a Computer Village da ke Ikeja, da titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, inda yaro kan zauna gaban maigidansa ya koyi wane fayil ne na wace waya. Babban abin tsoro a wancan aiki shi ne ɗauke wuta. Idan lantarki ya yanke ana tsakiyar zubawa, an goge tsohuwar manhaja, sabuwa kuma ba ta gama shiga ba, waya ba za ta ƙara tashi ba sai an sha wahala. Masu harkar a ƙasashen waje bulo suke kiran irin wannan waya, wato ba ta da sauran amfani sai danne takarda.

Sannu a hankali kamfanoni suka fara miƙa aikin ga masu waya. A 2006 Nokia ta fitar da manhajar kwamfuta da mutum zai sabunta wayarsa a gida. Da iPhone ta fito a 2007, ta kebul da manhajar iTunes kaɗai ake sabunta ta. Hanyar tana da takura, amma tana da ƙwari: kwamfuta ce ke sauke fayil ɗin gaba ɗaya, ta ajiye a cikinta, ta tabbatar da lafiyarsa, ga kuma caji yana shiga wayar ta kebul ɗin. Android ta ɗauki wata hanya tun daga wayarta ta farko, T-Mobile G1 ta 2008, wato aiko da sabuntawa kai tsaye ta intanet. Apple, mai iPhone, bai bi sahu ba sai a Oktoban 2011, da fitowar iOS 5. Sauƙi ya samu, sai dai duk nauyin da kwamfuta ke ɗauka ya dawo kan wayar: ita za ta sauke, ita za ta nemi wurin ajiya, kuma da batirinta za ta ƙarasa aikin. Da yawa daga cikin saƙonnin gazawar sabuntawa da ake gani a fuskar waya a yau daga wannan sauyi suka samo asali.

Shekarar 2014 ce ta fito da matsalar fili ƙarara. Da aka saki iOS 8 a watan Satumba, waya na buƙatar sarari na kusan gigabayit 5 kafin ta karɓe shi, alhali mutane da yawa masu gigabayit 16 suke riƙe da su. Dalili kuwa shi ne fayil ɗin a matse yake zuwa, sai an warware shi a cikin wayar kafin a girka, don haka wurin da ake buƙata ya ninka girmansa. Jama'a suka yi ta goge hotuna da waƙoƙi, wasu suka haƙura. Mako guda bayan haka aka fitar da gyara mai lamba 8.0.1, ya kashe sabis da na'urar karanta zanen yatsa a sababbin iPhone 6, aka janye shi cikin kusan awa guda. Darasin matsalar fili ya shiga, domin iOS 9 na shekarar da ta biyo baya gigabayit 1.3 kawai ya nema.

Ciwon Android dabam ne. Sabuwar manhaja kan fito daga Google, ta bi ta hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su Qualcomm da MediaTek, sannan kamfanin wayar, a wasu ƙasashe har da kamfanin layi, kuma ko'ina tana iya maƙalewa. Shi ya sa wasu wayoyin kwatano da aka ƙera wa wani layin Amurka ke daina samun sabuntawa idan sun bar ƙasar. A 2015 aka gano wata ɓaraka da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin waya ta saƙon bidiyo, lamarin da ya tilasta wa Google da Samsung alkawarin gyaran tsaro duk wata. Kafin girkawa kuma waya kan duba sa-hannun kamfani a jikin fayil, ta duba ko an taɓa manhajarta. Wayar da wani mai gyara ya zuba wa manhajar wani yanki, ko aka buɗe mata tushe, sau da yawa nan take tsayawa.

Maganin tsohon tsoron nan na bulo ya zo a 2016 tare da Android 7.0 da wayoyin Pixel na farko. An raba ma'ajiyar manhaja gida biyu: waya na aiki da ɗaya, ana rubuta sabuwa a ɗayan. In sabuwar ta ƙi tashi, sai ta koma tsohuwa. Dabarar na cin fili, kuma ba kowa ya yi saurin karɓa ba. Samsung sai a 2024 ya fara, da Galaxy A55.

Matakan da ake bi a yau idan sabuntawa ta ƙi duk gadon wannan tarihi ne. Ana jona caji, ana neman intanet mai tsayawa, ana rage kaya, ana goge fayil ɗin da ya sauka rabi a sake saukewa, ana duba kwanan wata da agogo domin kuskurensu na hana waya yarda da sabar kamfani. In duk sun ƙi, sai a koma ga kebul da kwamfuta: iTunes ko Finder ga iPhone, Odin ga Samsung, SP Flash Tool ga yawancin Tecno da Itel da Infinix masu ƙwaƙwalwar MediaTek. Filashin kan share abin da ke cikin waya, kuma tun 2013 a iPhone, da 2015 a Android, wayar da aka share takan nemi asusun mai ita na asali kafin ta buɗe. Akwai kuma wayar da babu laifin da ta yi, kamfaninta ne ya daina aiko mata. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi wa manyan wayoyinsu alkawarin shekara bakwai, amma masu araha, waɗanda su ne a hannun mafi yawan mutane, ba kasafai suke kusantar haka ba.