Tsofaffi a Takardun Ofis da Tsofaffi a Cikin Unguwa

Lokacin da na shiga aikin jin daɗin jama'a, 'yan shekaru bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, babu fayil ɗin tsofaffi a ofishinmu. Akwai na marayu, na kangararrun yara, na rikicin aure, na makafi da kutare. Tsoho ba ya zama aikinmu sai ya rasa kowa, a tsince shi a tasha ko a ƙofar masallaci, a kai shi gidan gajiyayyu. Manyanmu a aiki suna cewa ai mu nan ba ma yar da iyayenmu, kuma a wancan lokaci ba su yi ƙarya ba.

Abin da ke riƙe da tsoho a lokacin shi ne gandu. Uba da 'ya'yansa maza gona ɗaya suke nomawa, rumbu ɗaya suke ɗiba. Ko ƙarfinsa ya ƙare ya ajiye fartanya, shi ke cewa a buɗe rumbu ko a bari. Tsohuwa na da ɗakinta, da jikar da aka ba ta riƙo, da 'yar sana'arta ta daddawa ko kaɗi. Zakkar hatsi na zagayawa bayan kaka. Tsari ne cikakke, ko da babu wanda ya rubuta shi.

A gabanmu ya fara warwarewa. Farin 1973 da na 1984 suka kori samari daga ƙauye, matsin tattalin arziki da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya ƙarasa. Ci-rani ya zama zama na dindindin a Legas da Fatakwal da Abuja. Gonar gandu aka raba ta gado, kowa ya ja tukunyarsa. 'Ya'yan ba su daina son iyayensu ba. Aike dai ba ya ɗauko ruwa, ba ya kuma juya mara lafiya a kan shimfiɗa.

Takardu kuwa daga sama suka riƙa zuwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi babban taronta na farko kan tsufa a Biyana a 1982, na biyu a Madrid a 2002. Daga 1991 aka fara bikin ranar tsofaffi duk 1 ga Oktoba, mu ma muka riƙa raba shinkafa da atamfa. Ban raina wannan ba, na ga tsohuwar da ta rungume turminta tana ta sa albarka. Amma kyautar rana ɗaya ce, kuma masu iya takowa zuwa sakatariya ne kawai ke samu. Dokar fansho ta 2004 ta shafi waɗanda suka yi aikin albashi, alhali manomi da mai dako da matar da ta ƙare rayuwarta a madafa su ne mafi yawa. Jihar Ekiti ce ta fara taɓa irin waɗannan a 2011, da naira 5,000 duk wata ga 'yan shekara 65 zuwa sama. A 2012 aka buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan. Dokar kafa cibiyar tsofaffi ta ƙasa ta samu sa hannu a 2018, cibiyar ta kama aiki a 2021 ƙarƙashin Dokta Emem Omokaro, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa.

Duk ci gaba ne. Sai dai a ganina abin da ya fi canza tunanin masu wannan aiki shi ne wani ɗan littafin jagora da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007, bayan ta zauna da tsofaffi a birane 33, ciki har da Nairobi, ta tambaye su abin da ke hana su sakewa a garinsu. Hikimar ita ce a tambayi tsohon da kansa. Da muka gwada haka a zaure da tsakar gida, sai muka ji abin da ba ya cikin kowace takarda.

Wani dattijo ya ce mana ya daina zuwa jam'i, ba don gwiwa kaɗai ba. Da aka sabunta masallacin unguwarsu an ɗaga shi, aka yi masa matakala masu tsayi babu abin dafawa, ga kuma buɗaɗɗiyar kwata tsakaninsa da ƙofar gidansa. Rasa jam'i a wurinsa rasa komai ne: a can ake sanar da ɗaurin aure da jana'iza, a can za a lura idan bai fito ba. Siminti kaɗan da ƙarfe ɗaya suka mayar da shi sahu. Wasu suka kawo maganar masai na tsugunno, da kuɗin 'yan garuwa, da layin asibiti inda mai hawan jini ke wuni a rana, da yanar idon da aikinta ba ya ɗaukar lokaci amma babu mai raka su.

Mata su ne suka fi ba ni tausayi, su ne kuma muka fi daɗewa ba mu gani ba, don suna cikin gida. Tsohuwar da mijinta ya rasu, ba ta haihu ba ko 'ya'yanta duk mata ne suna gidajen aure, sau da yawa a ɗakin bakin zaure za ka same ta, tana jiran ɗan kishiya ya tuna da ita. Idan gigin tsufa ya kama ta, ta fara fita da dare tana kiran sunayen matattu, wasu sai su ce mayya ce. Cuta ce ta ƙwaƙwalwa, kuma kalma ɗaya daga limami a kan mumbari ta fi tasiri a nan fiye da duk jawabin da ma'aikaci zai yi.

Shi ya sa yanzu duk matashin da ya zo neman shawara, wurin mai unguwa nake fara tura shi. Mai unguwa ne ya san gidan da tsoho ke kwana shi kaɗai. A rubuta sunayensu, a ba ma'aikaciyar lafiya ta riƙa leƙa su, a kai jerin ga masu rabon zakka, a kuma ba tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya kujera a kwamitin ci gaban mazaɓa da ke kula da asibitin sha-ka-tafi. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da za a biya wa, amma sai an san sunan mutum kafin a yi masa rajista. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Idan kuɗin suka iso, muna son a ga layin tsofaffi a cikin kasafin kowacce, kuma a fara da murfin kwata da ranar asibiti ta musamman gare su.