Tarihin Zanen Tayar Babur

Yau za mu waiwayi tarihin zanen da ke jikin tayar babur, da dalilin da ya sa sabuwar taya ba ta wuce zurfin da muke gani.

Tayoyin farko sumul suke, babu zane. A 1888 ne John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a birnin Belfast, ya ɗaura wa keken ɗansa robar da ake hura wa iska. A busasshiyar hanya babu laifi. Amma da motoci da babura suka fara gudu a titunan Turai, inda ruwan sama ba shi da lokaci, sai santsi ya zama abin tsoro. A 1904 kamfanin Continental na Jamus ya fitar da tayar mota mai zane. A 1908 kuma Firestone na Amurka ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya fito da manyan haruffa a jikin tayarsa masu nufin "ba ta santsi", haruffan nan su ne zanen. Duk inda motar ta taka ƙasa mai laushi, sai ta bar talla a bayanta.

Da yawa suna ɗauka zanen ne ke kama kwalta. A busasshen titi, robar ce ke kamawa. Shi ya sa tun shekarun 1970 masu tseren babura suka koma tayoyi marasa zane, ba sa ɗaura masu zane sai an yi ruwa. Zanen magudanar ruwa ne. Wurin da tayar babur ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba. Idan ruwan da ke wurin bai sami hanyar fita ba, sai tayar ta hau kansa, birki ya zama banza.

To, me ya hana a ƙara masa zurfi? Roba mai dogon zane tana lanƙwasa, tana ɗaukar zafi, kuma babur kwanciya yake yi idan zai sha kwana, ba kamar mota ba. Don haka masu ƙira suka raba aiki. Sabuwar tayar mota kan zo da kusan milimita 8. Ta babur ɗin gudu ba ta kaiwa nan. Ta shiga yashi da taɓo kuwa takan haura milimita 10. Galibi ta baya ta fi ta gaba zurfi, domin ita ke tura babur, ita ke saurin cinyewa.

Doka ta zo daga baya. Birtaniya ta kafa iyakar milimita 1 a 1968. A 1992 aka ɗaga ta motoci zuwa 1.6, ta manyan babura kuwa tana nan a 1. Masana'antu kuma suka soma barin ɗan tudu a cikin ramin zanen, da alamar TWI ko ƙaramar kibiya a gefen taya mai nuna wurinsa. Ranar da tudun ya yi daidai da saman roba, taya ta gama aiki.

Wannan tarihi ya shafi duk mai hawa acaɓa ko kabu-kabu. Tayar da ta siɗe takan ɓoye aibinta duk tsawon rani, sai ruwan farko ya tona mata asiri, galibi da fasinja a baya. Idan kuma aka sake yanka mata zane da wuƙa, robar da ke kare zaren ciki aka rage. Kafin damina ta faɗi, a duƙa a nemi tudun nan.

Sai mako mai zuwa.