Waliyyiya Monika da Daren Ista na Milan

Ya kai mai karatu, in ka taɓa tsayawa a daren Ista da kyandir a hannu, kana kallon masu karɓar baftisma suna matsowa bakin ruwa, ka san a cikin taron akwai iyayen da suka daɗe suna jiran wannan dare da hawaye. Waliyyiya Monika, mahaifiyar Waliyyi Agustin, tana cikin irin waɗannan iyaye.

An haife ta wajen shekarar 331 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Iyayenta Kirista ne, amma aka aurar da ita ga Patrisiyus, mutum mai zafin rai wanda bai karɓi bangaskiya ba. Ta zauna da shi da haƙuri har ya karɓi baftisma gab da rasuwarsa, wajen shekarar 371. Ɗansu Agustin, wanda ta haifa a shekarar 354, shi ne ya fi ɗaga mata hankali. Da ya je karatu birnin Kartaj, ya shiga ɗarikar mabiya Mani, ya yi shekara 9 a cikinta yana raina bangaskiyar mahaifiyarsa. Da fari ta hana shi cin abinci a gidanta, daga baya ta buɗe masa ƙofa, ta ci gaba da addu'a. Ta roƙi wani bishop ya yi muhawara da shi, bishop ya ƙi, ya ce lokaci bai yi ba tukuna. Da ta nace tana kuka, sai ya sallame ta da cewa ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba.

A shekarar 383 Agustin ya yaudare ta. Ya bar ta tana addu'a da dare a ɗakin sujada na Waliyyi Sifiriyan kusa da gaɓar teku, ya shiga jirgin ruwa zuwa Roma. Gari ya waye, ɗa ya tafi. Duk da haka ta ƙetare teku, ta same shi a Milan, inda Bishop Amburos yake wa'azi. A shekarar 386, sa'ad da Sarauniya Yustina ta nemi ƙwace wata majami'a domin mabiya Ariyus, masu musun cewa Ɗa daidai yake da Uba, Monika tana cikin masu bin da suka kwana a majami'ar suna tsaro da addu'a.

Agustin da kansa ya rubuta cewa mahaifiyarsa tana kallonsa kamar matacce, tana miƙa shi ga Ubangiji kamar gwauruwar nan ta garin Nayin wadda Yesu ya tayar mata da tilon ɗanta. Ka lura da wannan, mai karatu. Ba ta ruɗi kanta da cewa ɗanta yana lafiya ba. Ta san ransa ya mutu cikin ɓata, amma ta san wanda yake tayar da matattu. A daren 24 wayewar 25 ga Afrilu, shekarar 387, a hidimar tsaron daren Ista, Amburos ya yi wa Agustin baftisma tare da ɗansa Adiyodatus da abokinsa Alifiyus. Jiran da ya wuce shekara 15 ya ƙare a daren da Ikilisiya take murnar tashin Almasihu.

Murnar nan ta sauya tunaninta game da mutuwarta ma. Tun da daɗewa ta tanadi kabari kusa da na mijinta a Tagaste. Amma a hanyarsu ta komawa Afirka zazzaɓi ya kama ta a Ostiya, tashar jiragen ruwa ta Roma. Ɗaya ɗan nata, Nafigiyus, ya so a ce a gida za ta rasu. Ta ce su binne ta ko'ina, abin da take roƙo kawai su tuna da ita a gaban bagaden Ubangiji. Waɗanda suka tambaye ta ko ba ta tsoron barin gawarta nesa da garinsu, ta amsa musu cewa babu wurin da yake nesa da Allah, kuma a ranar ƙarshe ba zai rasa inda zai tashe ta ba. Ta rasu bayan jinyar kwana 9, tana da shekara 56. A shekarar 1430 aka kai ƙasusuwanta Roma, suna majami'ar Waliyyi Agustin har yau. Ikilisiya tana tunawa da ita ranar 27 ga Agusta, da ɗanta kuwa washegari.

Wataƙila a gidanku akwai wanda ya daina zuwa Misa, ko ya bar bangaskiya gaba ɗaya, kun gaji da yi masa magana. Kada ku rufe masa ƙofa, kada kuma ku cire sunansa daga addu'arku ta safe da yamma. Mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. In Ista ta zagayo, aka kunna kyandir, ka ambaci sunansa a gaban Ubangijin da ya tashi daga matattu, ka roƙi Waliyyiya Monika ta taya ka addu'a.