Gadaje Masu Sanyi: Yadda Mallakar Gidajen Hutu Ta Gina Garuruwan Ƙanƙara na Alps, Kuma Ta Kulle Su

A tsakiyar watan Janairu, bayan an watse daga hutun sabuwar shekara, duk wanda ya tsaya da daddare a dandalin La Plagne ko Les Menuires, can a tsaunukan Alps na ƙasar Faransa, zai ga dogayen benaye sun kewaye shi, amma tagogi da yawa a rufe suke, babu fitila. Ɗakunan ba kwantai suka yi ba. Kowanne yana da mai shi, yana zaune a Paris ko Lyon ko Landan, makulli yana aljihunsa. Faransawa suna kiran irin waɗannan makwantai "gadaje masu sanyi", wato gadon da ba a kwana a kansa ko da mako huɗu a shekara. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne, a garuruwan wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da dama, irin waɗannan gadaje sun kusa kai rabi.

Wannan matsala ba ta faɗo daga sama ba. Tana cikin tubalin da aka gina garuruwan da shi.

Kafin ƙarni na 19, hunturu a waɗannan tsaunuka lokacin wahala ne. Makiyaya kan shige gida da dabbobinsu, matasa kuma su gangara birane cin rani. Ana ba da labarin cewa a 1864 wani mai otal a St. Moritz na ƙasar Siwizalan, Johannes Badrutt, ya gayyaci baƙinsa Turawan Ingila su dawo da hunturu, da alkawarin zai biya musu kuɗin hanya idan ba su ji daɗi ba. Suka zo, suka zauna har sanyi ya wuce. Daga nan hutun hunturu ya zama ado ga masu hali. A shekarun 1920 Noémie de Rothschild ta zuba dukiya a ƙauyen Megève don Faransa ta samu nata wurin, a 1924 kuma Chamonix ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko. A duk wannan zamani baƙo a otal yake sauka. Idan ya tafi, wani ya maye gurbinsa, gadon bai huce ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu al'amarin ya sauya. A 1946 hukumar lardin Savoie ta fara gina Courchevel a kan makiyayar da babu gari a cikinta, bisa tsarin mai zanen birane Laurent Chappis da injiniya Maurice Michaud. Abin da aka gwada a nan shi gwamnatin Faransa ta mayar manufar ƙasa daga 1964, a ƙarƙashin abin da aka kira Shirin Dusar Ƙanƙara. Burin gwamnati biyu ne: a tsayar da ƙaurar mutanen tsauni zuwa birane, a kuma jawo kuɗin ƙasashen waje da ke tafiya Siwizalan da Ostiriya. Aka karɓi filayen kiwo daga hannun manoma, wani lokaci da ƙarfin dokar karɓe fili don amfanin jama'a, aka damƙa wa 'yan kasuwa. La Plagne ta buɗe a 1961, Avoriaz ta biyo baya a tsakiyar shekarun 1960, Les Arcs da Flaine a 1968, sai Val Thorens a farkon shekarun 1970, a tsayin mita 2,300 daga teku. An kira manyan masu zane: Marcel Breuer ya tsara Flaine, Charlotte Perriand ta yi shekaru tana aikin Les Arcs. Cikin 'yan shekaru aka samar da gadaje sama da dubu ɗari.

Tambayar ita ce wa zai biya. Hanyar mota zuwa kan tsauni, bututun ruwa, wutar lantarki, da na'urorin igiya masu ɗaukar mutane zuwa ƙololuwa, duk suna cin kuɗi kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Otal yana ɗaukar shekaru kafin ya mayar da jari. Sayar da ɗaki kuwa kuɗi ne a hannu, sau da yawa tun ginin bai tashi ba. Don haka mai gina gari ya yanka benensa ƙanana-ƙanana, ɗaki guda mai faɗin murabba'in mita ashirin da 'yan kai, da gadaje masu hawa biyu a lungu, a ce zai kwanar da mutum huɗu. Likitoci, injiniyoyi da manyan ma'aikata na biranen Faransa, waɗanda albashinsu ke hauhawa a wancan zamani na bunƙasa, suka yi rububin saye. Da kuɗinsu aka kafa na'urorin igiya.

A nan igiyar ta fara tsinkewa. Garin zamiya yana rayuwa ne da yawan mutanen da suka kwana cikinsa. Su ne ke sayen tikitin hawa tsauni, su yi hayar takalman zamiya, su biya mai koyarwa, su ci abinci a gidan cin abinci. Amma ranar da aka miƙa wa mai saye makulli, garin ya rasa iko a kan gadon nan har abada. Mai ɗaki yana iya zuwa mako biyu a shekara ya rufe sauran, kuma babu wanda zai tuhume shi, dukiyarsa ce. Da zarar ya gama biyan bashin banki, dalilin da zai sa ya bar baƙo ya kwana a gadonsa ya ragu ƙwarai.

Masu gini sun gane haɗarin da wuri, suka ƙirƙiro dabaru biyu da daga baya suka bazu a duniya. Ta farko ita ce sayar da lokaci maimakon ɗaki. Kamfanin Hapimag na Siwizalan ya fara wani salo nata a 1963, sannan a ƙarshen shekarun 1960, a SuperDévoluy, Paul Doumier na kamfanin Grands Travaux de Marseille ya riƙa sayar wa mutane haƙƙin zama a ɗaki na mako ɗaya ko biyu kowace shekara. Ɗaki ɗaya, masu shi da yawa, gado ba ya hucewa. Sai dai makon Fabrairu kowa yana so, makon Nuwamba babu mai nema, kuɗin kula da gini kuma bai san bambanci ba. Iyalai da dama sun gaji makon da ba sa amfani da shi, ba su iya sayarwa ba, suna ta biya. Sai a 1986 Faransa ta yi dokar da ta tsara wannan harka.

Dabara ta biyu ta fi tasiri. Gérard Brémond, wanda ya gina Avoriaz tare da zakaran Olamfik Jean Vuarnet, kuma ya kafa kamfanin Pierre & Vacances, ya yaɗa ta daga ƙarshen shekarun 1970. Mutum ya sayi ɗaki, nan take ya ba kamfanin gudanarwa hayarsa na aƙalla shekara tara. Kamfanin ya riƙa saukar da baƙi, ya biya mai ɗaki haya, ya bar masa 'yan makonni. Gwamnati ta ƙara zuma a kai: wanda ya sayi sabon ɗaki a wannan tsari ana mayar masa da harajin kaya, wanda a yau ya kai kashi 20 cikin ɗari, muddin ɗakin ya ci gaba da aikin saukar baƙi shekara ashirin.

Maganin ya yi aiki, amma na ɗan lokaci. Idan yarjejeniya ta ƙare, ginin ya tsufa, kamfani kan nemi a rage haya ko mai ɗaki ya biya kuɗin gyara. Da yawa sai su janye ɗakinsu, gadon ya yi sanyi. Garin da ya rasa gadaje masu ɗumi ba shi da hanyar buɗe na da, sai ya ba da izinin gina sababbi. Haka garuruwa suka yi ta faɗaɗa ba tare da baƙi sun ƙaru daidai da ginin ba. Tun a 1977 Shugaba Valéry Giscard d'Estaing, a jawabinsa na Vallouise, ya nuna cewa zamanin manyan gine-gine a tsauni ya isa haka, dokar tsaunuka ta 1985 kuma ta ƙara sharuɗɗa. Duk da haka siminti bai daina hawa tsauni ba. A hunturun 2020 zuwa 2021, da annobar korona ta sa aka rufe na'urorin igiya a duk Faransa, wasu kamfanonin gudanarwa suka dakatar da biyan haya, masu ɗakuna suka gane cewa ribar da aka ce tabbatacciya ce tana rataye ne a jikin igiyar nan.

Siwizalan ta bi wata hanya, ta takunkumi. Tun 1961 take taƙaita sayen gidaje ga 'yan ƙasashen waje, dokar 1983 da ake kira Lex Koller ta ɗora a kan haka. Amma 'yan ƙasa ma suna saye suna kullewa. A ranar 11 ga Maris 2012, ɗan rajin kare muhalli Franz Weber ya kai batun gaban masu zaɓe: kada gidajen hutu su wuce kashi 20 cikin ɗari na gidajen kowace ƙaramar hukuma. Ƙudurin ya tsallake da kashi 50.6 kacal. Mutanen birane ne suka rinjayar da shi, yankin Valais kuwa, inda Verbier da Zermatt suke, ya ƙi da kusan kashi uku cikin huɗu, domin magina da kafintocinsa da ginin suke ci. Dokar aiwatarwa ta fara aiki a 2016. Ta tsayar da sababbin gidajen hutu a inda suka yi yawa, sai dai tsofaffin gidaje da ba ta shafa ba suka ƙara tsada, wasu 'yan gari suka sayar suka gangara kwari. A Andermatt kuma, ƙauyen da ya durƙushe bayan sojoji sun rage sansaninsu, gwamnatin tarayya ta keɓe aikin attajirin Masar Samih Sawiris daga Lex Koller don baƙi su iya saye. Ƙasar da ta ƙirƙiro takunkumin ita ta ɗage shi a inda ta ga babu wani jarin.

Zuwan Airbnb da ire-irensa ya ɗumama wasu gadajen, domin yanzu mai ɗaki yana iya ba da haya daga wayarsa. Amma ya janyo gidajen da 'yan gari ke haya shekara-shekara zuwa kasuwar baƙi. Mai dafa abinci da mai kula da na'urar igiya sukan kwana a cikin mota, a gindin benen da tagoginsa ke rufe. Faransa ta mayar da martani: daga 2023 ƙananan hukumomin yawon buɗe ido da yawa sun samu ikon ƙara harajin gidan hutu har kashi 60 cikin ɗari, dokar Nuwamba 2024 kuma ta rage rangwamen haraji ga masu ba baƙi haya, ta ba shugabannin garuruwa ikon ƙayyade yawansu.

A kan duk wannan sai ga ɗumamar yanayi. A Fabrairu 2024 kotun binciken kuɗin gwamnati ta Faransa ta yi gargaɗin cewa tsarin tattalin arzikin garuruwan zamiya ya fara gajiya. Ƙananan wurare na ƙasa-ƙasa, irin su La Sambuy da aka rufe a 2023, sun riga sun sallama, manyan da ke can sama kuma farashinsu sai hawa yake, saboda a can ne dusar ƙanƙara ta fi tabbata. Tsakanin waɗannan biyu akwai dubban ƙananan ɗakuna na shekarun 1970, masu zubar da zafi, masu buƙatar gyara mai tsada. Bene ɗaya yana iya samun masu shi ɗaruruwa, warwatse a ƙasashe, kuma ba a taɓa rufinsa sai mafi yawansu sun yarda a taron shekara. Faransa za ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu a waɗannan tsaunuka a 2030, amma makullan ɗakunan suna hannun jikokin waɗanda suka saya shekara hamsin da suka wuce.