Amsoshin Takardunku: Tarihin Babban Gogen Turawa Mai Suna Celo

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko da takarda yana cewa: ya sha jin wani kiɗa mai kama da goge a rediyo idan an yi babban rashi a ƙasashen Turai, ba waƙa ba magana, amma sai jikinsa ya yi sanyi. Wane abin kiɗa ne wannan, kuma mene ne tarihinsa?

To malam, mai yiwuwa celo ka ji. Ɗan'uwan goge ne, don shi ma da izgar doki ake goga shi, sai dai tsirkiyarsa huɗu ce, kuma don girmansa a zaune ake kaɗa shi, a kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. A Italiya aka fara sassaƙa shi a ƙarni na 16. Abin da ya sa yake ratsa jiki kuwa shi ne amonsa ya yi kusa da muryar ɗan Adam: ya yi ƙasa kamar dattijo yana nasiha, ya yi sama kamar mace tana kuka.

Wajen shekarar 1720 wani Bajamushe mai suna Bach ya tsara kiɗa shida na celo shi kaɗai. An daɗe ana ɗaukarsu abin koyo kawai, sai a 1890 wani yaro ɗan shekara 13, Pablo Casals, ya tsinci takardunsu a wani kanti a Barsalona ta ƙasar Sipaniya. Ka ji haƙuri: ya fi shekara goma yana bitarsu a gida kafin ya yarda ya kaɗa su a bainar jama'a. Tsakanin 1936 da 1939 ya ɗauke su a faifai, duniya ta san su.

A shekarun nan ne fa aka gwabza yaƙin basasa a Sipaniya, Janar Franco ya yi nasara a 1939. Casals ya koma gudun hijira a garin Prades na kudancin Faransa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ya ga manyan ƙasashe sun ƙyale Franco a kan mulki, sai ya ce shi da kiɗa a ƙasashen da suka amince da gwamnatin nan, haihata-haihata. Kai da kake ɗan kasuwa ka san nauyin wannan: mutum ya rufe rumfarsa alhali masu saye na layi da kuɗi a hannu. Ganin ya ƙi fita, a 1950 sai makaɗa suka bi shi har Prades aka yi bikin cikar Bach shekara 200 da rasuwa.

A 1971, yana da shekara 94, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar zaman lafiya, ya kaɗa musu wani tsohon kiɗan yankinsu na Kataloniya da ake kira Waƙar Tsuntsaye, wanda ya zama kiɗan begen gida ga 'yan gudun hijirar yankin. Ya rasu a 1973 bai ga ƙarshen mulkin Franco ba, don shi sai 1975 ya mutu. A 1979 aka mai da gawar Casals garin haihuwarsa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.