Daga Ayarin Raƙuma Zuwa Tankar Mai: Wa Ke Biyan Kuɗin Hanyoyin Damagaram?

Makarantar da nake koyarwa tana bakin babban titi. Kullum da an tashi, sai mu malamai mu tsaya a ƙofa muna ɗaga wa manyan motoci hannu har yara su samu su ƙetara. Wata rana wata ɗalibata 'yar aji biyar ta tambaye ni: "Malam, wai wannan hanya ta wace ce, tamu ko ta masu tanka?" Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta kwana a raina. Amsarta tana cikin tarihin garin nan, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban 'yan'uwana malamai da iyaye.

Damagaram hanya ce ta gina ta. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Tarabulus yakan biyo ta Gat da Abzin da Damargu, ya yada zango a Zinder, sannan ya wuce Kano. Unguwar Zango da muke alfahari da ita masaukin waɗannan fatake ce a wajen ganuwar Birni. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso garin a ƙarshen 1852, ya zauna jiran saƙonsa daga arewa, domin nan ce mahaɗa. Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884, ya fahimci haka sarai. Ya ƙarfafa ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a cikin gari, ya tsare hanya, fatake kuma suka riƙa biyan haraji. Gashin jimina da fatu da kanwa da gishiri duk ta nan suka bi, kuma gaskiyar da ba za mu ɓoye wa yara ba ita ce har da bayi. A wancan zamani lissafin a fili yake: mai kaya ke biya, sarki ya ba shi tsaro da rijiya da masauki.

Faransawa sun ci garin a 1899. A 1911 aka yi abubuwa uku da ya kamata kowane malamin tarihi ya jera su tare a allo. A shekarar ce Zinder ta zama babban birnin yankin mulkin sojan Nijar, a shekarar ce jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar ce kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Kayan da raƙumi ke shafe watanni yana ɗauka ta hamada sai ga shi yana zuwa ta teku da dogo cikin araha. Ayarin arewa ya fara mutuwa, fuskar ciniki ta juya kudu. A 1926 aka mayar da babban birni Yamai, kusan kilomita 900 daga nan. Hanyoyin mota na farko kuwa, kakanninmu ne suka share su da aikin tilas, suna ɗaukar burji a ka ba lada. Sai a watan Afrilu na 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Wato a wannan zamani talaka ne ya biya kuɗin hanya, da guminsa.

Daga nan gyaɗa ta karɓi ragama. Manoman Magariya da Matamai suna nomawa, motoci suna kwasa zuwa Kano, jirgi ya sauke a Ikko. Hanya mafi kusa ke nan, don tsakanin Zinder da Kano bai kai kilomita 300 ba. Amma Faransa ba ta so arzikin ƙasar da take mulka ya riƙa bin dogon Ingila. Saboda haka a 1953 ta ƙirƙiro shirin da ta sa wa suna Hirondelle, wato tsattsewa: motoci su ɗauko haja daga Paraku, inda dogon Kwatano ya tsaya, su koma da gyaɗa, a kuma tallafa wa kuɗin dako don doguwar hanya ta iya gogayya da gajeriya. Darasin a nan shi ne, hanyar da babbar mota ke bi ba kullum direba ke zaɓar ta ba. Sau da yawa a ofis ake zana ta. Mun sake ganin haka da idonmu sa'ad da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yuli 2023, lokacin da farashin kaya a kasuwar Dole ya gaya wa kowace uwa abin da ake ciki.

Bayan samun 'yanci a 1960, kuɗin hanya ya koma zuwa daga waje ko daga ma'adinai. Kanada ta taimaka aka shimfiɗa ɓangaren gabas na Hanyar Haɗin Kai zuwa Gigimi a shekarun 1970. Kuɗin yuraniyom ya gina hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit. Tarayyar Turai ta zuba kuɗi wajen gyaran hanyoyin Magariya da Tanut. Yau manyan hanyoyi biyu ne suka gicciye a garinmu: ta 1, mai tasowa daga Yamai ta nufi Difa, da ta 11, mai tasowa daga iyakar Najeriya ta nufi Agadas, wadda yanki ce na babbar hanyar Aljazā'ir zuwa Ikko. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a kan hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Man nan a tanka yake fita, tankokin kuma su ne ɗalibata ke gani.

To, ina matsalar take? Mai ba da tallafi yakan gina, amma ba ya dawowa duk damina ya cike ramuka ko ya yashe kwalbati. Wannan aikin namu ne. Don haka aka kafa asusun CAFER a 1999, aka maye gurbinsa da FER a 2017, ana tara masa kuɗi daga harajin mai da kuɗin shingen hanya. Sai dai akwai wani lissafi da ya kamata malaman lissafi su koya wa 'yan sakandare. Gwajin da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan layin taya ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake wa kwalta takan ninka kusan sau 16. Ke nan mota ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida tana cin titi fiye da dubban babura. Ƙasashen UEMOA sun yi doka a kan haka tun 2005, mai lamba 14, wadda ta ƙayyade nauyin da kowane layin taya zai ɗauka. Doka tana nan, abin da ya rage shi ne sikeli mai aiki da ma'aikaci mai tsoron Allah.

Na san da yawa cikinmu muna kallon gadojin sama na Yamai, irin ta Mali Bero da aka buɗe a 2013, ko na Kano, mu ce yaushe za a yi mana namu. Bikin Zinder Sabuwa na 2018 ya gyara mana tituna, mun kuma gode. Amma gadar sama cunkoson mahaɗa take warwarewa, ba ta fitar da tankar mai daga gaban makaranta. Abin da ya fi mana gaggawa shi ne hanyar kewaye mai ƙwari wadda za a tilasta wa manyan motoci bi, da wurin ajiye su a bayan gari, da hana su ratsa unguwanni a lokacin shiga da tashin makarantu. Idan direba ya ce kewaye ya yi nisa, a tuna masa cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. Tanimu ma ai a wajen ganuwa ya saukar da ayari.

Shawarata ga ƙungiyoyin iyayen yara ita ce mu daina ɗaukar maganar titi a matsayin ta injiniyoyi kawai. Mu rubuta wa magajin gari da 'yan majalisa a kan alamomi da tudun rage gudu a ƙofar kowace makaranta. Mu tambayi nawa ake tarawa a shingayen jiharmu, nawa kuma ke dawowa gyara, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mu malamai kuma mu fitar da yara su ƙirga motocin da ke wucewa a awa ɗaya, su zana taswira, su kai wa hukuma a rubuce.

Washegari na ba ɗalibata amsa. Na ce mata hanyar tata ce, domin kakanninta sun share ta da hannu, mahaifinta kuma yana biyan kuɗinta duk lokacin da ya sha mai a babur. Sai ta ce: "To Malam, don me ni ce ke gudu idan zan ƙetara?" Wannan tambaya kam na bar mana ita, mu manya. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, amin.